Fim ɗin da babu kyamara: tambayoyi da amsoshi ga masu wasan kamfanin fim a Maradi

Kusan kullum bayan la'asar, da an aza butar shayi a fadarmu, sai wani sabon shiga ya jawo benci ya fara tambaya kan wasan kamfanin fim da muke yi a intanet. Tambayoyin ba sa canzawa sosai, shi ya sa na tara su wuri guda. Dokokin da zan ambata na rukuninmu ne, wani wasan yana da nasa tsarin. Amma yadda ake ƙirƙirar fim ɗin kansa kusan ɗaya ne ko'ina.

Yaya, wai wane irin wasa ne wannan?

Kowa yana riƙe da kamfanin shirya fim na ƙage, da jari na ƙage. Kai za ka ƙirƙiri labari, ka zaɓi jarumai, ka yanke kuɗin da za ka kashe, ka sa ranar fitowa. Ranar ta zo, a saki fim ɗin, a lissafa abin da ya samu, a zuba maka riba ko a cire maka asara. Irin wannan wasa ya daɗe a duniya. Tun a 2005 kamfanin Lionhead na Ingila ya fitar da The Movies, inda mutum ke gina masana'antar fim a cikin kwamfutarsa. Namu ya fi sauƙi, rubutu ne kusan dukkansa, ƙaramar waya ma ta isa.

In ba a ɗauki fim ɗin ba, me mutane ke gani?

Takardar fim. A cikinta akwai suna, da nau'in fim, da labarin a jimla ɗaya, sannan labarin a taƙaice cikin kalmomi 300 zuwa 500. Sai jarumai, wuraren ɗauka, kasafin kuɗi, da ranar fitowa. A ƙarshe muna neman fage guda da aka rubuta cikakke, da maganganun bakin mutane.

Wannan fagen ne ke tona asiri. A aikin fim ana ɗaukar shafi ɗaya na rubutu a matsayin minti ɗaya na kallo, wato fim na minti 90 yana neman shafi wajen 90. Ba mu ce ka rubuta 90 ba, 2 kawai muke so. Amma daga shafi 2 nan ake gane ko mutanen da ka ƙirƙira suna magana kamar mutane, ko kuwa kai ne kake wa'azi da bakinsu.

Wa ke yanke cewa fim ya ci kasuwa?

Mutum uku daga cikin masu kamfanonin da ba su da fim a wannan mako su ne alƙalai. Suna ba da maki kan labari, jarumai, da dacewar kasafi da abin da aka rubuta. Kwamfuta ta haɗa makin da kuɗin tallar da ka zuba, da yawan finafinan da kuka yi karo da su, ta ƙara ɗan rabon sa'a, sai cinikin ya fito.

Ga inda sababbi ke tuntuɓe. Ka kashe miliyan 10, aka sayar da tikiti na miliyan 15, kana murna ka ci miliyan 5. A'a. Gidan sinima yana riƙe kusan rabin kuɗin ƙofa, haka abin yake a kasuwar gaske, mu ma haka muka ɗauka. Abin da ya dawo hannunka miliyan 7 da rabi ne, ka faɗi. Ka sa a ranka sai ciniki ya ninka abin da ka kashe kafin ka fara maganar riba.

Ni matsalata labari. Daga ina zan samo shi?

Nan zan daɗe, don ita ce tambayar da ta fi damuna. Takardu da yawa da ke zuwa gabana labarinsu ɗaya ne: ɗan mai kuɗi ya ga 'yar talaka, uwarsa ta ƙi, aka yi kuka, aka yi waƙa, aka yi aure. Ko kuma wani ɗan sanda a birnin da ba shi da suna yana bin masu laifi cikin motoci goma. Marubucin ɗan Maradi ne, amma ka karanta takardar daga sama har ƙasa ba ka ji ƙanshin ƙasar nan ba. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai, domin muna zaune a kan labarai da ba wanda ya taɓa ɗora wa kyamara.

Dubi garin kansa. A 1945 Gulbin Maradi ya yi ambaliya ya ci tsohon gari da ke cikin kwari, aka tashi mutane aka maido su bisa tudu, aka yanka sababbin unguwanni. Ka ɗauki tsohuwa guda da ta ƙi barin ɗakinta saboda a can aka binne cibiyar 'ya'yanta, da jikanta da aka aiko ya ɗauko ta kafin ruwa ya sake tasowa. Ka samu fim.

Dubi kasuwa. Alhazan Maradi sun yi suna da cinikin gyaɗa kafin farin shekarun 1970 ya karya ta, daga nan suka juya ga fataucin kaya tsakaninmu da Najeriya. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya. Akwai wanda ya kwana da bashin kayan waje a kansa, ya wayi gari bashin ya ninka. Akwai kuma wanda sitonsa ke cike, ya wayi gari ya zama wani abu. In waɗannan biyu wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya, me zai faru a gidan ran nan?

Dubi gona. Tun shekarun 1980 manoman jihar nan suka fara barin tohon kututture a gonakinsu suna gyara shi har ya zama itace, abin da ake kira sassaben zamani. Waɗanda suka fara an yi musu dariya, ana ce musu ƙazaman manoma. Yau gawo ya cika gonaki, itacen da ke zubar da ganyensa da damina ya bar wa hatsi rana. Mutumin da garinsu ya mayar abin dariya, har aka hana ɗansa mata, shi ma jarumi ne.

Dubi filin kokawa. An fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, kuma Kantu na Maradi ne ya fara ɗaukarsa. Ba sai ka yi fim kan zakara ba. Yi kan mai kiɗansa, ko ƙanen da ke riƙe masa layu yana jin shi ma ƙarfinsa ya kai.

Kowane ka ɗauka, ka amsa tambayoyi uku kafin ka rubuta komai: wane ne mutumin, me yake so har ya hana shi barci, me ya tsaya masa a gaba. In ba ka iya faɗar su a jimla ɗaya ga mai shayi ya gane, labarin bai nuna ba tukuna.

Ko za a ba mu misalin takardar da ta yi kyau?

Akwai wadda har yanzu nake tunawa, sunanta "Buhu Arba'in". Yaron mota ne da maigidansa ya damƙa masa buhu 40 na wake a karon farko, ya ce ya kai Jibiya. Suna isa Ɗan Isa aka ce Najeriya ta rufe iyaka, wato a watan Agustan 2019. Direba ya gudu ya bar shi. Kwana na tafiya, ƙwari sun fara cin waken, kuɗin abincinsa ya ƙare, ga wani yana yi masa raɗa cewa akwai hanyar daji da babura ke bi da dare. Fim ɗin gaba ɗaya a gefen mota guda yake. Jarumai 5, wurin ɗauka 2. Fagen da marubucin ya kawo shi ne inda yaron ke kiran maigida a waya yana son faɗa masa gaskiya, maigidan kuma yana ta sa masa albarka bai bar shi ya yi magana ba. Alƙalai uku duk sun ba shi maki mafi girma a wannan zagaye, kuma kuɗin da ya kashe bai kai kashi ɗaya cikin biyar na jarinsa ba.

In na ɗauki fim ɗin Indiya na canza sunaye fa?

Wankiya ke nan, kuma a wurinmu ana soke takardar. Ba za ka ɓoye ba, domin duk fassarar da ka kalla a wayarka alƙalan ma sun kalle ta a wurin mai tura finafinai ɗaya. Kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ya halatta shi ne ka koyi dabara: yadda suke jinkirta bayyana sirri, yadda suke sa ka tausaya wa mugu. Dabara ta kowa ce, labari kuwa na mai shi ne.

Zan iya yin fim na tarihi, kamar kafuwar Maradi?

Za ka iya, kuma ina so a yi. Labarin yadda sarakunan Katsina suka baro birninsu bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, har Ɗan Kasawa ya kafa zama a nan, da yadda Gobirawa suka zauna Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, babban abu ne. Sai dai ka kiyaye abu biyu. Na farko, zuriyar mutanen nan suna raye, suna kan gadon sarauta. Kada ka sa wa sarki na gaske magana ko aikin da ba ka da tabbacinsa. Hanyar da ta fi aminci ita ce ka ƙirƙiri ƙaramin mutum, maƙeri ko mai ɗaukar tulu, ka bar manyan su wuce ta nesa. Na biyu, tarihi yana da tsada. Doki, sulke, lifidi, taron mutane, ga ɓoye turakun wuta da rufin kwano. Kada ya zama fim ɗinka na farko.

Yaya ake tsara kasafin kuɗi?

Muna farawa da sefa miliyan 30 na ƙage. Kowace ranar ɗauka tana da farashi, haka kowane sabon wuri, haka fagen dare don sai an kunna janareto, haka taron da ya wuce mutum 20. Ka karanta labarinka da idon mai biya. Duk inda ka rubuta "sai ruwa ya ci gari", ka tsaya ka tambayi kanka nawa ne. Wanda ya yi fim kan ambaliyar nan bai nuna ruwan ba sam. Ya nuna duhu, da ƙarar gulbi, da ihun mata, sannan da safe ƙwarya tana yawo a tsakar gida. Ya fi tsoratarwa, kuma ya rage miliyoyi.

Shawarata, kada ka zuba fiye da kashi ɗaya cikin uku na jarinka a fim guda, kuma ka ware wa talla aƙalla rubu'in kasafin. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Zan iya sa sunayen jaruman Kannywood na gaske?

A'a. Wasu wasannin suna yarda, mu mun hana, kuma ina da dalili. An taɓa yin wani da ya haɗa fosta da hoton wata sananniyar jaruma a matsayin matar da ta ci amanar mijinta. Wani ya ɗauki hoton daga waya ya tura gaba, kafin dare mutanen da ba su san da wasan ba suna tambayar yaushe fim ɗin zai fito, wasu har sun fara zaginta. Baiwar Allah ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Tun ranar muka koma jarumai na ƙage. Kowane yana da shekarunsa, da irin rawar da ya iya, da farashinsa, kuma farashin yana hawa in finafinansa suna cin kasuwa. Wannan ma ya ƙara wa wasan daɗi, don za ka iya ɗauko wanda ba a sani ba da araha ka raine shi.

Dole ne a sa waƙa?

Ba dole ba ne. In za ka sa, ka rubuta baiti 2 naka na kanka, ka faɗi abin da waƙar ta canza a labarin. In an cire ta ba abin da ya ragu, cire ta.

Wane lokaci ya fi dacewa a saki fim?

Kalandar wasanmu tana bin rayuwarmu ta nan. Sallah ƙarama da babba su ne manyan kasuwanni, amma kowa can yake nufa, sai ka tarar da finafinai 6 suna rabon 'yan kallo ɗaya. Da azumi kasuwa tana sanyi. Da damina mutane suna gona, aljihu kuma babu nauyi. Kaka ita ce lokacin da sababbi ke mantawa da shi: an sayar da amfanin gona, ana biki, kuma manyan kamfanoni sun riga sun ƙarar da kuɗinsu a Sallah. Ka kauce wa makon gasar takobi a ƙarshen shekara, don hankalin kowa yana kan rediyo da talabijin.

Malam, wannan ba caca ba ce? Kuma ba ƙarya muke shirgawa ba?

Ba a sa ko dala ɗaya ta gaske, ba a cin ko dala ɗaya. Duk shafin da ya ce ka tura kuɗi don ka ci kuɗi in fim ɗinka ya yi nasara, ka bar shi, wannan wani abu ne daban da namu. Batun ƙarya kuwa, kowa ya san ƙage ne, kamar yadda yaro ya sani tun daga "ga ta nan ga ta nanku" cewa gizo bai taɓa zuwa fadar sarki ba. Inda hatsarin yake shi ne a jingina ƙagen ga mutum na gaske, shi ya sa muka toshe wannan ƙofa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa. Abin da nake jan kunne a kai shi ne lokaci: an kira salla, a ajiye waya.

Yaya, ni mace ce, ba na zama a fada. Akwai wurina?

Akwai, ƙanwata, kuma muna bukatarki. Komai ta waya ake turawa, sunan kamfani kawai ake gani in kin so. Maza suna rubuta mata kamar hoto a bango, ko mai kuka ko muguwar kishiya. Fim ɗin da ya fi taɓa ni a bara wata ɗaliba ce ta rubuta shi, "Jar Akuyar Inna". Kaka ce da akuyarta guda, irin jar akuyar nan ta Maradi mai yawan haihuwar tagwaye, gida ya rabu biyu kan ko a sayar da ita don kayan auren yaya ko don kuɗin lakwal na ƙanwa. Yadda ta rubuta hirar mata a bakin murhu, babu namijin da zai iya, don ba ya wurin lokacin da ake yin ta.

Da wane harshe zan rubuta? Hausata ta boko ba ta da kyau.

Da Hausa. Yawancinmu da Faransanci muka koyi riƙe alƙalami, shi ya sa za ka ga an rubuta "tch" a wurin "c", ko "ou" a wurin "u". Ba a rage maki don wannan. Amma ka yi ƙoƙari ka koyi ɓ da ɗ da ƙ, ka sa allon rubutun Hausa a wayarka, mako biyu sun isa hannu ya saba. Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kamata rubuta ta ya zauna mana. A maganganun jarumai kuwa, bar su su yi irin ta gida. In ɗan kabu-kabu ne, ya ce jika, ya ce rezo, ya yi Katsinancinsa ko Gobirancinsa. Kada ka mayar da shi Bakano don ka ji haka ake yi a fim.

Wuta tana ɗaukewa, rezo yana yankewa. Yaya zan yi da wa'adi?

Rubuta a kaye tukuna, ka kwafe a waya ba tare da ka kunna intanet ba, sai ka tura a lokaci ɗaya. Takardar fim ba ta cin komai, fosta ce mai nauyi, ita kuma ba tilas ba ce. Muna ba da kwana 2 na uzuri ga wanda ya sanar tun da wuri.

Fim ɗina na farko ya faɗi, jarina ya kusa ƙarewa. In daina?

Kada ka daina, ƙanena. Nawa na farko ma ya faɗi, kuma ya yi mini ciwo sosai, don na kwana uku ina rubuta shi. Na cika shi da wurare, daga Yamai zuwa Agadas, na manta ban ba jarumin dalilin tafiyar ba. Da na huce na sake karanta bayanin alƙalai, sai na ga duk su uku wuri ɗaya suka nuna. Kai ma ka nemi wurin da suka haɗu a kai, shi ne ciwon. Sannan ka yi ƙaramin fim, mutum 3, gida ɗaya, kwana 5 na ɗauka. Ko kuma ka haɗa jari da wani kamfani ku raba riba, doka ta yarda.

In wani ya sace labarina ya yi fim na gaske da shi fa?

Tsoron yana da tushe. Ka ajiye kayenka da kwanan wata, ka ajiye saƙon da ka tura, kuma in kana da labarin da kake ji da shi har zuciya, kada ka zuba dukkan sirrinsa a takardar wasa.

Amma ni abin da nake fata shi ne ku ɗauka da kanku. Kasuwar finafinan Hausa ta bidiyo ta faro ne daga ƙungiyar wasan kwaikwayo, Tumbin Giwa ta Kano, da fim ɗinta Turmin Danya a 1990. Kafin nan, a 1972, ɗan ƙasar nan Umaru Ganda ne ya fara ɗaukar babbar kyautar Fespaco, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu. Yau wayar da ke aljihunka tana ɗaukar hoton da ya isa a kalla. Mai "Buhu Arba'in" ya riga ya samu wani mai mota a tasha da ya yarda ya ara masa ita ranar Juma'a da safe, lokacin da ba lodi. Abin da ya rage masa makirufo ne da mutum biyu da za su riƙe masa buhuna. Wanda ke da hali ya same mu a fada bayan la'asar.